Matar da ke Shanya a Naɗi na Uku

Mai Agogo ya rasu a watan jiya, Allah ya jiƙansa, amma har yanzu mu masu zama a bencin ƙofar shagonsa, idan hira ta yi daɗi, mukan juya mu leƙa mu ga ko ya ji. Sai mu tarar da ƙofa a rufe da kwaɗo.

Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin kemis da shagon tela, mutum biyu ba sa gilmawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Akwai tebur mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan farantin tangaran da yake zuba 'yan sukurorin agogo a ciki, waɗanda idan mutum ya yi atishawa a kansu ya rabu da su ke nan. A nan ya zauna shekara talatin da shida, tabaran ido ɗaya maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu, yana leƙen cikin agogunan mutane. Gajere ne, siriri, mai sanƙo tun yana saurayi. Ba ya musu. Idan ka ce masa yau Talata alhali Laraba ce, sai ya ce, "To, bari mu gani," ya ci gaba da aikinsa. Magana ɗaya ce tak a duniya da bai taɓa sakar wa kowa ba, kuma ita ce ta cika kantar da ke saman kansa.

Baƙo idan ya shigo yakan ɗauka littattafai ne aka jera a kantar. Fim ne. Fim ɗaya, bugu goma sha uku.

Tsohon fim ne na iyali, irin wanda ake kallo da kaka da jika a ɗaki ɗaya ba wanda zai sunkuyar da kai. Labarin wani uba ne da 'ya'yansa uku da suka tattara komatsansu a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, za su koma gidan kakarsu a bayan duwatsu. Suna tafe da ƙatuwar kabad da ta ƙi shiga ta ƙi fita, da wata agwagwa mai taurin kai da ke tserewa a duk inda aka tsaya. Uwar yaran ba ta cikin fim ɗin, kuma ba a faɗi inda ta tafi ba.

Mai Agogo ya san kowane bugu kamar yadda ya san 'ya'yansa. Na farko kaset ne na bidiyo, launinsa ya koɗe, komai ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai ƙananan faifai guda biyu da ake canzawa a tsakiya. Sai lokacin da aka fara wanke tsofaffin finafinai ana gyara su, ana cire zane da ɗigo-ɗigo, ana dawo da launi. A wankin farko ya gano cewa rigar uban ja ce, shi da ya yi shekara talatin yana ganinta ruwan ƙasa. Ranar ya fito ƙofar shago yana gaya wa duk wanda ya wuce. Akwai bugun da aka faɗaɗa hoton, sai ga agwagwa tsaye a gefe a wurare huɗu da a da aka datse ta. Akwai wanda masu wankin suka wuce gona da iri, suka ɗauka ruwan sama datti ne suka goge shi, sai ka ga yara suna gudu suna rufe kai a ƙarƙashin sararin sama tas. Wannan yakan sa mana shi idan yana son mu yi dariya. Akwai kuma wani a cikin akwatin gwangwani, da ɗan littafi da harshen da ba wanda ya iya karantawa a layinmu, amma yana buɗe shi yana shafa hotunan.

Duk sabon bugu idan ya iso, a gida yake kallonsa ranar da ba aiki, da agogon awon gudu a hannu da ɗan littafin rubutu a cinya. Yana rubuta tsawon kowane sashe, minti da daƙiƙa. Idan aka zo minti na arba'in da ɗaya, inda motar ke mutuwa a kan gada, sai ya matso bakin kujera. Uban ya buɗe gaban mota, hayaƙi ya tashi, hoto ya yi duhu. Daga nan sai a ga gari ya waye, yara suna tura mota. Mai Agogo sai ya koma ya jingina, ya ce a hankali, "Nan ma babu."

Abin da yake nema ɗan guntun hoto ne da bai kai minti ɗaya ba, wanda ya gani sau ɗaya yana ɗan shekara bakwai.

A shekarar mahaifiyarsu ta rasu. Babansu, don ya ɗan ɗebe masa kewa, ya ce wa yayarsa, wadda ta girme shi da shekara tara, ta kai shi silima kallon rana ranar Asabar, kuma kada ta kuskura ta saki hannunsa. Shi ne shigarsa silima ta farko, kuma wannan fim ɗin ake nunawa. Ya ce bayan motar ta mutu a kan gada, hoto ya yi duhu, sai sauti ya ɗauke ɗif. Sai ga wata mata ita kaɗai a tsakar gida tana shanya. Ta ɗaga farin zanen gado za ta rataya a igiya, iska ta kaɗo shi ya rufe mata fuska. Ta yaye shi tana dariya, ta dubo masu kallo kai tsaye, ta kaɗa hannu kamar mai cewa ku tafi ku ba ni wuri. Sai kuma gari ya waye, yara suna tura mota. Shi a ransa ya gama yanke cewa uwar yaran ce aka nuna, tana can wani wuri lafiya lau tana wanki. Ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa bai yi numfashi mai daɗi irin na wannan lokacin ba.

Da suka koma gida ana cin abinci, ya ba babansu labarin. Baban ya dubi Yaya.

"Haka aka yi?"

"Babu wata mata mai shanya, Baba," in ji ta. "Barci ya yi, ya yi mafarki."

"Ban yi barci ba."

"Ka yi, Auta. Ci abincinka."

Shekara hamsin da biyar suna wannan maganar. Ta yi aure, ta haifi shida, ta aurar da su, mijinta ya rasu, gwiwoyinta suka fara ciwo, amma duk ranar da ya je gaishe ta sai ta tare shi da ita tun daga ƙofa.

"Auta, an samo mai shanyar?"

"Ana kan nema, Yaya."

"Zanen nan ai ya isa ya bushe."

Yakan yi dariya, mu ma idan ya ba mu labari mukan yi. Matarsa ma tana taɓa shi da ita. Idan ya shigo da sabon ƙunshi a hammata takan ce, "Maigida, yanzu agwagwar nan ba ta gaji da guduwa ba?" Ya ce, "Wannan wankin daban ne, Maman yara." Ta ce, "Na bara ma daban ne."

Abin wasa ne har zuwa lokacin da babansu ya tsufa. Tsohon ya yi shekara shida kansa yana zubewa kaɗan-kaɗan. Da farko ɓalla maɓallan riga yake mantawa, daga baya ya fara ganin abin da babu. Ya ce akwai mutane zaune a kan kabad ɗinsa, ya ce an buɗe kasuwa a banɗaki, yana rantsuwa yana kuka don an ƙi yarda da shi. Mai Agogo ne ke masa aski da wanka. Wata rana yana goge masa baya, tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai ma ba ka gansu ba?" da irin muryar da shi kansa ya yi amfani da ita yana ɗan shekara bakwai a gaban kwanon abinci. Daga ranar nan maganar mai shanya ta daina ba shi dariya a ciki, ko da yana yi a waje.

Bai gaya wa kowa ba sai abokinsa mai kemis, wata rana da yamma suna jan ƙofofin shago.

"Likita," haka yake kiransa don tsokana, "cutar nan ta Baba, ana gadonta?"

"Wani lokaci. Me ya faru?"

"Ba komai. Ina dai tunani ne. Idan mutum tun yana yaro ya ga abin da babu, kuma ya riƙe shi da gaske har ya tsufa, ba alama ba ce ta cewa kansa tun asali da tsaga?"

Mai kemis ya ce masa ya bar wannan zancen, mutumin da ke warware agogo mai sassa ɗari ya mayar ba a cewa kansa da tsaga. Mai Agogo ya ce, "To, bari mu gani." Amma daga lokacin ya fara gwada kansa a ɓoye. Yakan rufe ido ya lissafa abin da ke kan teburinsa, ya buɗe ya duba. Idan ya ajiye hantsaki ya neme shi ya rasa na ɗan lokaci, sai ka ga goshinsa ya yi gumi.

Yana da shekara sittin da biyu aka fitar da bugun da ya fi kowane. An wanke fim ɗin daga ainihin zaren hotonsa na farko, kuma an haɗa da faifai na biyu wanda aka rubuta a bayansa cewa yana ɗauke da duk abin da aka taɓa yankewa daga fim ɗin, ba a bar ko ɗaya ba. Ɗansa da ke aiki a wani gari ya aiko masa. Ya kwana uku bai buɗe ledar ba. Ranar da ya buɗe, ya sa riga mai kyau kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ya zauna a falo da hantsi, matarsa a gefe tana gyaran wake a tire.

Guntaye bakwai ne. Agwagwa a cikin shagon aski. Yara suna faɗa a kan bargo. Uban yana waƙa, wadda da ka ji ka san abin da ya sa aka yanke ta. Kaka tana neman tabaranta, har sau biyu. Kabad ta faɗa rafi. Na bakwai wani ɗan sanda ne yana cin ayaba. Faifan ya ƙare ya koma farko, kiɗa yana ta maimaita kansa.

Bai ce nan ma babu ba. Ya rufe littafinsa, ya ɗora agogon awon gudu a kai, ya zauna yana kallon hannayensa.

Matarsa ta ajiye tiren. Ta san shi shekara talatin da huɗu, ta san wannan shirun ba irin na kullum ba ne.

"Maigida, in tambaye ka mana. Idan aka kawo maka agogo aka ce yana gudu, kakan bi gari kana duba agogunan mutane?"

"A'a. Shi nake buɗewa."

"To kai ka tara na duniya a kan kanta, amma wanda ka kalla da idonka fa? Ai ba a falon nan ka gan ta ba. Wani ne ya kunna muku shi. Ka taɓa tambayarsa?"

Daga baya ya gaya mana cewa a duk shekarun nan bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mutum a bayan hasken ba. Yana yaro ya ɗauka fim daga bango yake fitowa, da ya girma kuma bai koma ya gyara tunanin ba.

Silimar ta daɗe da zama sito na kujeru da gadaje. Ya rufe shago ranar Litinin, abin da bai taɓa yi ba, ya ja mai kemis suka tafi. Har yanzu ƙasan wurin a gangare yake, an sa wa kujerun sayarwa katako a ƙafafun gaba don kada su zame. Can sama a bangon baya akwai ƙananan tagogi biyu da aka toshe da kwali. Mai gadin wurin bai san komai ba, amma ya san wata tsohuwa a bayan layi da ta taɓa sayar da tikiti. Tsohuwar ta dube su sama da ƙasa ta ce mai kunna majigin yana raye, sai dai idanunsa sun tafi, yana zaune wurin 'yarsa kusa da tashar jirgin ƙasa, gida mai koriyar ƙofa.

Sun same shi a baranda a kujerar roba, dogon tsoho ƙashi da fata, rediyo a cinya. 'Yarsa, wata mata mai jiki da fara'a, ta kawo musu shayi ta koma ciki. Mai Agogo ya gaishe shi ya faɗi sana'arsa, ya ambaci fim ɗin.

"Na agwagwa," in ji tsohon. "Naɗi biyar. Ya zo mana a wahale, ya zaga gari goma kafin mu. Me kake so da shi, ɗana?"

Mai Agogo ya ce ya kalle shi a silimarsu yana yaro, kallon rana, ranar Asabar, kuma ya ga wani abu bayan motar ta mutu a kan gada wanda bai sake gani ba a ko'ina. Bai faɗi ko mene ne ba. Ya gaya mana da gangan ya yi haka, don kada ya sa wa tsohon magana a baki.

Tsohon ya kashe rediyo. Ya juyo da fuskarsa wajen muryar.

"Kana cikin ɗakin ranar?"

"Ina ciki, Baba."

"Ka ga mai shanya ke nan."

Mai kemis ya ce Mai Agogo ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa ya matso kusa da tsohon.

Tsohon ya yi dariya ba haƙori, ya gyara zama, ya yi musu bayani dalla-dalla irin na mai sana'a. Fim a lokacin yana zuwa ne a naɗe cikin gwangwanaye, naɗi-naɗi. Kowane naɗi yana da baƙin zare a farkonsa wanda ba hoto a kai, shi ake zurawa a cikin inji ya kama kafin hoto ya iso. Naɗi na uku na wannan fim ya zo an cinye masa wannan zaren, injunan wasu garuruwa sun tauna shi. Shi kuma yana da kwali cike da guntayen zare da ya gada wurin wanda ya riga shi aikin. Ya laluba ya zaro wani mai tsawon da ya dace, ya kankare bakinsa da reza, ya shafa gam ya liƙa. Guntun yana da hoto a kai, amma wannan ba matsala ba ce, domin ƙa'idar aikin ita ce ka bar murfin haske a rufe, ka ƙirga arba'in a ranka, guntun ya wuce, sannan ka buɗe.

"Kwana tara ina ƙirga arba'in, ba wanda ya ga komai," in ji shi. "Ranar Asabar ɗin, na kunna naɗi na uku, ina kan ƙirga uku, sai maƙwabciyarmu ta hawo matakala tana haki ta ce matata ta sauka, mace. Ban san lokacin da hannuna ya buɗe murfin ba. Sai da na ji ɗaki ya yi tsit na leƙa taga, na ga baiwar Allah tana ta shanyarta a bango, ƙatuwa, mutum ɗari uku suna kallonta. Manaja ya wanke ni tas da yamma. Washegari na cire ta na sa baƙin zare." Ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa. "Wadda ta kawo muku shayin nan, ita aka haifa ranar. Ke, shekarunki nawa yanzu?"

Daga ciki 'yar ta ce, "Baba, a gaban baƙi?"

"Faɗi mana, ba aurenki suka zo nema ba."

"Hamsin da biyar."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai ya yi lissafi da yatsu, ko da yake ba ya bukata. Sannan ya ɗago.

"Baba, wace ce ita?"

"Wallahi ban sani ba, ɗana. Ba 'yar fim ba ce, zaren ba shi da layin sauti. Ina jin wani ne ya sami kyamara yana gwadawa, ya ɗauki matarsa ko ƙanwarsa, ka ga ai korarsa take yi. Na sha ɗaga guntun a hasken taga ina kallonta. Zane ya rufe mata fuska, ta yaye. Tana da wushirya."

"Tana da wushirya," in ji Mai Agogo. Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba, domin yana tsoron kada a ce ya fara ƙari.

Ya tambaya ko guntun yana nan. Tsohon ya ce ranar da aka rufe silimar an kwashe kwalayen duka an zuba a mota, bai san inda aka kai su ba. Mai Agogo ya gyaɗa kai. Kafin su tafi ya karɓi agogon hannun tsohon, wanda ya tsaya shekara biyu amma yake ɗaurawa don sabo, ya buɗe shi a kan gwiwarsa ya hure shi ya taɓa wani abu, ya kara masa a kunne. Tsohon ya saurara ya ce, "Ka ga, kai ma ka iya kunna abu."

A hanya mai kemis ya tambaye shi ko bai ji ciwo ba, tunda ashe ba uwar yaran ba ce, ba ma ta cikin fim ɗin. Ya ce ko kaɗan. Ya ce mahaifiyarsa ba ta bar hoto ba, fuskarta ta ɓace masa tun yana firamare, kuma ya san da cewa fuskar mai shanya ya ara ya sa mata. Ara ce, bai taɓa cewa tasa ba ce. Abin da yake so ya sani shi ne ko idonsa ya gani, kuma ya gani. Sai kuma ya tsaya a tsakiyar titi ya ce, "Amma Likita, Yaya fa? Mutum ɗari uku sun gani. Tana kusa da ni."

Bai koma shago ba, gidan Yaya ya wuce shi kaɗai. Abin da ya faru a can daga bakinsa muka ji, daga baya ita ma ta ba da shi haka. Ya same ta a falo ta miƙe ƙafa a kan matashi tana shafa man zafi a gwiwa.

"Auta, yau ba Litinin ba ce? An samo mai shanyar ne?"

"An samo ta, Yaya."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya ba ta labari tun daga sito har zuwa wushirya. Tana ji, hannunta ya tsaya a kan gwiwa. Da ya gama ta rufe kwalbar man a hankali, ta daɗe tana murɗa murfin da ya riga ya rufu.

"Ban gan ta ba," in ji ta.

"Na sani. Shi ne nake mamaki."

"Ban gan ta ba don ba na wurin." Ta kau da kai wajen taga. "Na riga na kalli fim ɗin da 'yan ajinmu a wata silima, na san shi daga farko har ƙarshe. Mijina, baban su Babba, Allah ya jiƙansa, lokacin yana saurayi, yana jirana a bakin ƙofa. Da motar ta mutu a gada na ga ka buɗe baki kana kallo, ko ƙiftawa ba ka yi, sai na zare hannuna na fita. Minti biyar na yi. Na dawo na tarar da kai yadda na bar ka."

"Ban ji fitarki ba."

"Ai na sani. Da ka kawo maganar a gaban Baba, ni na san fim ɗin babu wata mai shanya, sai na faɗa da ƙarfina. Har ga Allah na ɗauka mafarki ka yi. Amma na san akwai minti biyar da ban gani ba, kuma ban faɗa ba, don Baba ya ce kada in saki hannunka. Daga baya kuma abin ya yi tsawo, ya zama wasanmu, na rasa ta inda zan fara." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban san yana cin ka ba, Auta. Da na sani."

"Ni ma ban gaya miki ba."

Can sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wato shekara hamsin da biyar ina sayen fim saboda ke da mijinki kuna zance a bakin ƙofa."

"Rufe mini baki, marar kunya. Ruwan lemo kawai ya saya mini." Ta kai masa duka da matashi, tana kuka tana dariya. Sannan ta gyara zama ta ce, "To gaya mini ita. A hankali. Ban taɓa bari ka kai ƙarshe ba."

Ya gaya mata. Ta yi ta tambaya, igiyar daga ina zuwa ina aka ɗaura, matar ta kai shekara nawa, da ɗankwali ko babu, akwai bokiti a gefenta. Abin da ya tuna ya faɗa, abin da bai tuna ba ya ce bai tuna ba, ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Wata bakwai ya yi bayan wannan. Mu da muke ganinsa kullum mun ga ya sake, har ƙiba ya ɗan yi. Idan ya rasa hantsaki sai ya ce, "Tsufa," ya ɗauki wani. Sabon abin da ya same shi shi ne son sanin ko wace ce matar. Yakan ajiye aiki ya ce mana, yanzu haka wataƙila jikokinta suna nan suna yawo a gari, ba su san kakarsu ta taɓa fitowa a bango a gaban mutum ɗari uku ba. Tela ya ce wataƙila ma mafaɗaciya ce, dariyar nan ta ranar kaɗai ce. Mai Agogo ya ce a'a, mai irin wannan dariyar ta saba yi.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, kwana huɗu a asibiti. Kansa garau har ƙarshe. Ya gane kowa, ya kira kowa da sunansa, har jikokin da mu kanmu muke rikita su. Ya gaya wa ɗansa agogunan da aka gama gyarawa da masu su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da takarda ba. Ranar ta huɗu da hantsi aka kawo Yaya, ana riƙe da ita saboda gwiwa. Aka sa mata kujera a gefen gado ta kama hannunsa. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce masu dubiya su ɗan ba da wuri, kowa ya miƙe, shi kuma ya buɗe ido ya dube ta.

"Yaya, za ki fita ne?"

"Ina nan, Auta," in ji ta. "Ko wa ke jira a ƙofa, ya jira."